Tunda kwamfuta ce ke lissafin guguwa, mene ne aikin mai hasashe?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum. An koya mana cewa hasashen yanayi na yau daga manyan kwamfutoci yake fitowa, waɗanda ke warware lissafin motsin iska da zafi da danshi. To, in haka ne, me ya sa ake nanata cewa dole masu hasashe su yi aiki tare da masu gina waɗannan manhajoji? Me ɗan'adam zai ƙara wa na'ura?

Tsohon Mai Hasashe:
Wa alaikumus salam, 'yata. Manhajar takan yanka sararin samaniya gida-gida kamar gidajen dara, ta lissafa abin da ke faruwa a kowane gida. A manhajojin da suka game duniya, faɗin gida ɗaya yakan kai kilomita 9 ko fiye, alhali hadari mai tsawa yana iya tasowa a wurin da bai kai haka ba. Saboda haka manhajar ba ta ganin hadarin kansa, sai dai ta ƙiyasta shi, kuma ƙiyasin yana da halayen da yake maimaitawa. A ƙasashe masu zafi, alal misali, manhajoji da yawa sukan saukar da yayyafi tun da tsakar rana, kusan kullum, alhali ruwan gaskiya yakan jira la'asar ko dare ya zo da ƙarfi. Wanda ke duba taswira kowace safiya ya san wannan sarai, yana kuma gyarawa a kansa. Matsalar ita ce, muddin bai gaya wa mai manhajar ba, kuskuren yana nan zaune har wanda zai gaje shi ya sake gano shi daga farko.

Mai Gina Manhaja:
Malam ya yi gaskiya, kuma mu ma muna da namu makantar. Mukan auna manhaja da alƙaluma, su kuwa alƙaluma ba su da sassauci: idan ta nuna layin hadari mai ƙarfi amma ta kauce da 'yan kilomitoci, za a ci ta tara sau biyu, ɗaya don ta sa ruwa inda babu, ɗaya don ta rasa shi inda ya sauka. Mai hasashe kuwa zai ce wannan taswira ta yi masa amfani ƙwarai, domin ta gaya masa irin hadarin da zai zo.

Wannan saɓani ne ya sa hukumar NOAA mai kula da yanayi da teku ta Amurka take haɗa ɓangarorin biyu a ɗaki ɗaya a garin Norman na jihar Oklahoma, na wasu makonni a kowace shekara wajen watan Mayu, lokacin da guguwa mai juyawa ta fi yawa a can. Da safe a ɗora hasashen jiya gefen hoton rada (na'urar da ke nuna inda ruwa ya sauka a zahiri), kowa ya faɗi inda aka dace da inda aka kauce, sannan a yi na yau da manhajojin gwaji. A irin wannan zama ne aka tabbatar da amfanin ma'aunin juyawar iska mai hawa sama cikin hadari, wanda yanzu ake dubawa don tsammanin ƙanƙara da guguwa. Manhajar HRRR, mai gidajen kilomita 3 da ake sabunta ta kowace sa'a, ta sha wannan gwaji kafin ta fara aiki a hukumance a 2014.

Mai Bibiyar Yanayi:
Ina neman afuwar malamai, amma kada a rage wa na'ura haƙƙinta. A 2012, manhajar Cibiyar Hasashe ta Turai ce ta hango tun kusan mako guda cewa guguwar Sandy za ta karkata ta faɗa gabar gabashin Amurka, hanyar da ba a saba gani ba. Idan hasashe ya wuce kwana uku ko huɗu, da wuya mutum ya fi ta.

Tsohon Mai Hasashe:
Ban musa ba. Sai dai cibiyar ba lissafi ɗaya take fitarwa ba, 51 ne, kowanne da ɗan bambanci a mafarinsa, kuma sau da yawa sukan rabu gida biyu. A ranar da talatin suka ce guguwa za ta shigo tudu, sauran suka ce za ta koma teku, mutum ne zai yanke ko a yi gargaɗi, da ƙarfe nawa, kuma ga su wa.