Neman shawara: Wace tasha zan sauka in zan je Onomichi?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Osaka nake son zuwa garin Onomichi na ƙasar Japan a ƙarshen mako, in bi hanyar keke ta Shimanami Kaido. Tashar jirgin ƙasa biyu na gani, Onomichi da Shin-Onomichi. Wacce ta fi? Kuma yaya garin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sauka a Shin-Onomichi. Tashar Shinkansen ce, wato jiragen ƙasa masu tsananin gudu, amma tana bayan tudu, wajen kilomita 3 daga bakin teku, kuma galibi jirgin Kodama ne ke tsayawa a can, wanda yake tsayawa a kowace tasha. Daga Shin-Osaka ka hau jirgin Shinkansen na Sakura ko Nozomi zuwa Fukuyama, tafiyar kusan awa ɗaya, sannan ka canja zuwa jirgin gama-gari na layin Sanyo. Cikin minti 20 kana tashar Onomichi, teku na gabanka. In tikitin baƙi na Japan Rail Pass gare ka, Sakura za ka hau, don Nozomi sai ka biya ƙari.

Amsa: Malam, garin siriri ne, a matse tsakanin tudu da wani mashigin ruwa da za ka zaci kogi ne, alhali tekun Seto ne. Yana gabashin lardin Hiroshima. Wannan mashigin ne ya raya shi, domin tsibirin Mukaishima ya tare masa igiyar ruwa. Tun 1169 ake lodin shinkafar haraji a tashar ruwansa, a zamanin Edo (1603 zuwa 1868) kuma jiragen fatake masu zuwa Hokkaido suna yada zango a nan. Da dukiyar fataucin aka yi ta gina wuraren ibadar Buda a jikin tudun, mafi shahara shi ne Senkoji. Unguwannin sama duk matakala ce da lunguna, saboda haka ka bar babbar jaka a akwatin ajiya na tasha.

Amsa: Batun keke, kuskuren baƙi shi ne neman gadar tsallakawa zuwa Mukaishima tun daga cikin gari. Sabuwar gadar ta motoci ce zalla, tsohuwar kuma ta yi ƙunci. Jirgin fito ake shiga da keken zuwa Mukaishima, 'yan mintoci ne, ka riƙe 'yan canji a hannu. Daga nan ka bi shuɗin layin da aka shata a gefen titi. An buɗe hanyar a 1999, kilomita wajen 70 ce har garin Imabari, ta ratsa tsibirai shida. Abin da ke gajiyar da mutane hawan gadoji ne, don kowacce tana da tsayi, sai ka yi ta kewaye kafin ka kai samanta. In ba ka saba ba, ka tsaya a Setoda da ke tsibirin Ikuchijima, ka dawo ta jirgin ruwa, amma ka duba lokacin jirgin ƙarshe tun da safe.

Amsa: Ƙarin bayani, ɗan'uwa: taliyar ramen da garin ya yi suna da ita, kitsen alade ake zuba mata. Ka tambaya kafin ka yi oda, ko ka tafi da guzurinka daga Osaka.