Giyabos ɗin Peugeot 504: in buɗe shi a gida ko in kai gareji?

Mai 504

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa buɗe giyabos da hannunsu. Motata Peugeot 504 ce ta 1978, mai giya huɗu, giyabos ɗin nan da ake kira BA7. Ciwonta biyu. In zan sauko daga giya ta uku zuwa ta biyu sai haƙora su yi ta gurzar juna kafin ta shiga, ya fi tsanani da safe kafin mai ya ɗumama. Sannan in ina kan ta uku na ɗaga ƙafa daga totur, wani lokaci sai sandar giya ta fice da kanta ta koma firi. Ba ta kuka, yoyon mai kuma ɗan kaɗan ne ta baya. Kuloci sabo ne, ban daɗe da sauya shi ba.

Ina da sufanu, da jak, da littafin gyaran motar. Injin matsa boris ne ba ni da shi. Na taɓa sauke kan inji na mayar lafiya, amma cikin giyabos ban taɓa leƙawa ba. Ko dai in buɗe da kaina, ko in kai wa bakanike, ko in sayi na hannu in ɗaura. Motar mahaifina ce, kuma na fi son giyabos ɗinta na asali ya zauna a jikinta. Wanda ya taɓa yi a gida, wane kayan aiki ne ba makawa sai da shi?

Tsohon Direba

Wa alaikumus salam. Ɗana, kuloci ne. Duk motar da giya ke mata gardama, kuloci za ka fara dubawa.

Mai 504

Baba, na gode. Ai na rubuta a sama cewa sabo ne.

Ɗan Gudu

Me zai sa ka wahalar da kanka da giya huɗu? Nemi mai giya biyar na 505 ka ɗaura, mota ta huta a babban titi, mai ya ragu.

Baban Gareji

Kada a yi wa dattijo dariya, maganarsa tana da tushe. Kulocin 504 da mai yake aiki, in iska ta shiga bututu, sabon faranti ma ba zai saki sosai ba. Gwaji mai sauƙi: mota na tsaye inji na aiki, taka kuloci, ɗan jira, ka sa ribas. Ribas ba ta da zoben sinkiro, don haka in kuloci bai saki ba ita za ta fara ihu. In ta shiga shiru, to laifin zoben giya ta biyu ne, ya cinye, ba ya iya daidaita gudun giyar kafin haƙora su haɗu.

Ficewar ta uku ita ta fi ba ni tsoro. Kafin ka sauke komai, duba robobin da ke riƙe inji da giyabos, da mahaɗan sandar giya, don in sun yi laƙo-laƙo suna iya fizgo giya. In lafiyarsu lau, to a ciki ne: ko ƙananan haƙoran da ke kama giyar sun goge, ko fok, ƙarfen da ke tura giya ta shiga, ya ci, ko sifirin ɗin da ke danne ƙwallon da ke riƙe giya a mazauninta ya mutu. Zare notin zubar da mai ka ga abin da ya fito. Ƙura mai laushi ba komai ba ce. Gutsattsarin ƙarfe kuwa labari ne daban.

Shi kuma mai maganar giya biyar, wancan ya fi tsawo, sai an taɓa farfela. Bawan Allah ya ce na asali yake so.

Mai Beetle

Malam, don girman Allah kada ka kai wa kowa. Ni ga abin da ya same ni.

Tawa Beetle ce ta 1972. Ita giyabos ɗinta da aksul a gida ɗaya suke. Giya ta biyu ce kawai take ƙara, sak irin taka, ban da wannan shiru take tafiya. Aka haɗa ni da wani bakanike da aka ce duk abin da ya shafi tsofaffin motoci shi ne gwani. Na sauke giyabos da kaina na kai masa, na sayi boris sababbi da zobba da sil da gaskit, duk a kwalinsu, na damƙa masa hannu da hannu. Ya ce in dawo ƙarshen mako. Ƙarshen makon nan sai da ya zama watanni. Kullum da uzurinsa: yau ba wuta, gobe yaronsa bai zo ba, jibi ya tafi ta'aziyya. Duk zuwan da na yi, kayan cikin giyabos ɗina na zube a daro ɗaya da na wasu mutane, ƙura na sauka a kai. Na yi magana, ya ce, "Alhaji, ko ido rufe na san naka."

Ranar da na ɗaura, giya ta biyu ta shiga sumul, har na yi masa addu'a. Ina hawa titi sai kuka ya tashi daga baya, ƙara gudu ƙara kuka. Na koma, ya ce sabon aiki ne, zai zauna. Bai zauna ba. Da abin ya ishe ni na sauke na buɗe a gaban wani abokina da ya san aikin. Wallahi tsofaffin boris ɗina ne a ciki, an wanke su da fetur an mayar. Sababbin da na saya ban san cikin motar wa suke ba. Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar giyar aksul da ƙaramar da ke juya ta, tun daga masana'anta ake goga su tare a buga musu lamba iri ɗaya, ba a raba su. Nawa lambobinsu sun sha bamban. Ya ɗauko ta wani ya aura wa tawa, suka cinye juna. Abin da ya shekara da shekaru yana aiki lafiya, mutum ɗaya ya kashe shi saboda ganganci.

Na je masa da kayan a hannu, ya rantse haka na kawo. Ba takarda, ba hoto, da me zan kama shi? Har yau in na tuna zuciyata tafasa take.

Tsohon Direba

Inna lillahi. Allah ya mayar maka da alheri, Alhaji.

Baban Gareji

Abin da aka yi maka zalunci ne, ba mai kare shi. Amma kada a shafa wa dukkanmu baƙin jini. Kuma giyabos ɗin Beetle ba irin na 504 ba ne. Naka sai da ma'auni na musamman ake saita fok da zurfin ƙaramar giyar aksul. Na 504 aksul ɗinsa can baya yake, shi kuwa gidan giyar alminiyam ne mai rabewa biyu, kana buɗewa ga komai a shimfiɗe.

Mai Beetle

Oga, shi ma haka ya riƙa yi min bayani tiryan-tiryan kafin ya karɓi kuɗina.

Mai Marsandi

Ni na yi nawa a gida, Marsandi W123 mai giya huɗu, kuma yana tafiya har yanzu. Ba tsafi ba ne, haƙuri ne da tsabta. Ɗauki hoto kafin ka zare kowane abu. Duk abin da ya fito daga shaf, zura shi a waya bi da bi, fuskar da ta kalli gaba ta ci gaba da kallon gaba. Siraran wasoshin nan na shim, masu cike gibi tsakanin kaya, su ne ran aikin, kada ka haɗa na wannan gefe da na wancan, kuma in ka sauya boris sai ka sake awo, tsohon shim ba lalle ya dace ba. Lokacin zare sandunan fok rufa tsumma a kai, ƙwallayen riƙo da sifirin ɗinsu tsalle suke yi.

Injin matsi ban saya ba. Shaf ɗin kaɗai na ɗauka na kai wurin masu shi, na tsaya a kansu suka cire suka matsa. Abin da na saya: fula ta zaro boris, filayar cire kilif, fila geji, da sufanar da ke auna ƙarfin ɗauri. Guduma a kan boris haramun ce. Ɗumama shi cikin mai, kada ya wuce zafin tafasar ruwa, shaf kuma ya kwana a firiza, za su shige da ɗan taɓi. Kuɗin kaya gaba ɗaya bai kai rabin na giyabos na hannu ba.

Ɗan Gudu

Rabi? A wace duniya? Ni zobban sinkiro kaɗai da na tambaya sun fi giyabos na hannu sukutum tsada.

Mai Beetle

Ni kuɗin aiki ma ya fi na kaya, ga sakamakon da na samu.

Baban Gareji

Na hannun da kuke ta kira da araha, wa ya ga cikinsa? Shekarunsa ɗaya da wanda za ka cire, wataƙila ma ciwonsu ɗaya. Araha ba ta ado.

Ɗan Koyo

Yaya Mai Marsandi, me uwargida ta ce da ta buɗe firiza ta ci karo da shaf? Mai 504, in ka gama haɗawa ka ga noti uku sun yi saura, riba ce, adana su.

Mai Marsandi

A leda na naɗe shi, ƙanena. Wanda noti ya yi wa saura kuwa ya sake buɗewa.

Baban Gareji

Malam Mai Marsandi, giyabos ɗaya ka buɗe a rayuwarka, ka taki sa'a, yanzu kana tura mutum ya buɗe gadon mahaifinsa. Mu da muka tsufa a cikin baƙin mai mun san irin waɗanda ake kawo mana a buhu bayan mai gida ya gwada. Littafi zai ba ka lamba, ba zai ba ka hannu ba. Haƙorin da ya goge da wanda zai ƙara shekara goma, ido ne ke rabewa.

Mai Marsandi

Oga, girmanka ne, ban musa gogewarka ba. Amma ni ɗaya na buɗe na auna komai, ba wanda ke tsaye a kaina yana jiran mota. Bakanike nawa ne ke da agogon awo a garejinsa? Wanda ya kashe na Alhaji ai shi ma ya tsufa a baƙin mai.

Tsohon Direba

Ku bar musu. Ɗana, zuba mata man giya mai kauri, lamba 140, ƙarar za ta kwanta. Haka muke yi a da.

Baban Gareji

A'a Baba, ban da wannan. Mai kauri ɓoye ciwo yake, kuma da safe giyar ta ƙara tauri. BA7 man inji littafinsa ya ce a zuba.

Mai Marsandi

Tawa kuma jan man nan na giyar otomatik take sha, alhali giyar hannu ce. Tsohuwar Mini ma mai ɗaya inji da giyabos suke rabawa. Kowace mota da nata. Masu zobban tagulla su yi hattara da man giya mai lamba GL-5, sinadarin sulfa da ke cikinsa ba ya shiri da tagulla, shi ya sa ake ce musu su zuba GL-4.

Mai 504

Na gode ƙwarai. Na gwada ribas, shiru ta shiga. Robobin inji ma lafiya. Na zubar da mai, ƙura ce mai ƙyalli, ba gutsattsari. Oga Baban Gareji, da wannan, kana ganin in na kai shaf waje aka matsa min boris, sauran zan iya?

Mai Beetle

Kafin ka kai ga iyawa, ina za ka sami boris na gaskiya? Da na zo sake haɗa nawa, na sayi masu kwalin babban kamfani, rubutu da hatimi komai tsaf. Ko zagayowar shekara ba su gani ba suka fara gurnani. Jabu ne.

Ɗan Gudu

Wannan ita ce masifar. Kwalin jabun har ya fi na gasken kyau. Ni sil na saya, roba ta bushe ta tsage kafin in sauya mai na farko.

Mai Marsandi

Kada ku nemi boris da sunan mota. Karanta lambar da ke jikin tsohon, ka je wurin dillalin da kamfanin ya amince da shi, masu sayar wa masana'antu. Kamfanin boris na SKF ma suna da manhajar waya, SKF Authenticate, ka ɗauki hoton boris da kwalinsa ka tura su duba maka.

Baban Gareji

Yauwa, yanzu kuka zo inda ke mana ciwo. Mai mota zai sayo jabu da hannunsa don ya rage kuɗi, ya ce ɗaura. Ka gaya masa wannan ba shi da kyau, ya ce so kake ka ci riba a kaina. In ya lalace kuma sunan bakanike ne ke ɓaci. Zobban sinkiro na yanzu ma wasu ko kama mazauninsu ba sa yi. Nakan ɗora sabo a kan giyar in murɗa, in ga tsohon da na cire ya fi shi cizo.

Mai Beetle

To Oga, in jabu ne matsalar, nawa sababbin na farko da na saya ina suka shiga?

Ɗan Koyo

Ni dai tambayata, wa ya san yadda ake gane sil na gaske tun yana cikin leda? Ogana ya aike ni jiya, mai shago ya fito min da kala uku, duka suna ɗaya.