Antibodina yana kama CD4 na doki, amma a wane gurbi?

Ɗalibin Dawaki:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan aiki. Wata takwas ke nan ina fama da wani antibodi monokulonal (furotin ɗin garkuwar jiki mai kama gurbi guda tak) da muka samar a jikin ɓera, mai kama furotin ɗin CD4 a fatar fararen ƙwayoyin jinin doki. A fulo saitometiri, wato gwajin na'ura mai tantance ƙwayoyi ɗaya-ɗaya da haske, aikinsa tsaf: ƙwayoyin da yake haskawa su ne dai waɗanda CVS4, sanannen antibodin CD4 na doki, ke haskawa. Sai dai malamina ya ce ba zai sa hannu ba sai na nuna ainihin gurbin da yake kamawa a jikin furotin ɗin, wato efitof.

Na sa an haɗa mini CD4 gunduwa-gunduwa, kowace mai amino asid 15, suna hawa kan juna, na jera a faranti. Ko ɗaya bai kama ba. A westan bulot ma, gwajin da kamun furotin ke fitowa a matsayin layi a takarda, da zarar na dafa samfurin da sinadaran SDS da DTT, takardar fes take fitowa, babu layi. Abin da ya fi damuna shi ne wata goɗiya cikin dawakai 12 da na ɗebi jininsu: antibodin ya ƙi ƙwayoyinta sam, alhali CVS4 yana kama su, kuma lafiyarta ƙalau. Sau uku ina sakewa. Ko dai antibodin ne ya lalace?

Malamar Furotin:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, bai lalace ba, amsa ma ya ba ka har sau biyu. Furotin a naɗe yake a fatar ƙwaya, kuma yawancin antibodi siffar naɗin suke ganewa: amino asid ɗin da ke nesa da juna a jere, naɗi ya kawo su kafaɗa da kafaɗa. SDS yana warware naɗin, DTT yana tsinke gadojin sulfa da ke riƙe da shi, gunduwa mai 15 kuwa ba ta taɓa naɗuwa haka ba. Daina kashe kuɗi a kan gunduwoyi. Sake bulot ɗin ba DTT, ba dafawa. Idan layi ya fito, ka gwada cire sukarin da ke jikin furotin da PNGase F, don wani lokaci sukarin yana cikin abin da ake kamawa.

Tsohon Likitan Dabbobi:
Yaro, goɗiyar nan da ke hana ka barci ta fi duk kayan aikinka daraja. An ga irin wannan a jikin ɗan Adam: akwai mutanen da antibodin OKT4 ba ya kama ƙwayoyinsu ko kaɗan, amma sauran antibodin CD4 suna kamawa. Da aka bincika, amino asid ɗaya tak ya sauya, wanda ake kira ajinin (arginine) ya koma tiriftofan a matsayi na 240. Ina zaton goɗiyarka haka take. Ka ciro RNA, wato kwafin saƙon halitta, daga jininta da na dawakai biyu ko uku da ke kamawa, ka karanta jerin CD4 ɗinsu, ka kwatanta. Tun 2009 aka wallafa cikakken jerin halittar doki, daga wata goɗiya mai suna Twilight, saboda haka tsara firaima, gajerun guntayen DNA da ake kwafo jerin da su, ba wahala. Idan da jaki a kusa, ɗebi jininsa shi ma. Ya kama ko ya ƙi, duk haske ne.

Na ji daɗin da malaminka ya matsa. Taron farko kan furotin ɗin fararen ƙwayoyin doki, wanda aka yi a Kambirij ta Ingila a 1991, ya fi mai da hankali ne ga tantance wane antibodi ke kama wane furotin. Sanin gurbin kamu mataki ne na gaba, kuma shi ke faɗa maka ko antibodi zai yi aiki a kan kowane doki.

Mai Noman Ƙwayoyi:
Ranka ya daɗe, na yarda da kai, amma bambancin jeri kaɗai ba ya zama hujja sai an gwada. CD4 yana da ɓangarori huɗu a wajen ƙwaya, D1 zuwa D4. Malam, idan antibodinka ba ya kama CD4 na mutum, ka musanya ɓangarorin ɗaya-ɗaya tsakanin na doki da na mutum, ka sa a ƙwayoyin HEK293 (ƙwayoyin ɗan Adam da ake nomawa a ɗakin gwaji), ka ga inda kamu ya ɓace. Daga nan sai ka riƙa mayar da amino asid ɗin saman wannan ɓangare zuwa alanin. Na taɓa ɓata wata biyu ina murnar na gano gurbi, ashe sauyin da na yi ne ya hana furotin ɗin fitowa fatar ƙwaya gaba ɗaya. Don haka ka liƙa wa furotin ɗin alama irin FLAG, kuma kowane sauyi ka gwada shi da CVS4. In antibodinka da CVS4 duka sun ƙi kamawa, kada ka ƙirga wannan sauyin.

Ɗalibin Dawaki:
Allah ya saka muku da alheri. Na sake bulot ɗin jiya ba DTT, layi ya fito, siriri amma a sarari. Jinin goɗiyar yana cikin firiza, gobe zan ciro RNA. Malama, awa nawa kike barin PNGase F idan ba a warware furotin ɗin ba?