Hazel McCallion ta Mississauga: kasuwanci ne ya gina mulkinta, ko shi ya shafa mata baƙi?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina karatun digiri na biyu a fannin mulkin ƙananan hukumomi, kuma a cikin binciken da nake yi na ci karo da labarin Hazel McCallion, matar da ta riƙe kujerar magajin garin Mississauga a lardin Ontario na ƙasar Kanada daga 1978 zuwa 2014, wato shekara 36 cur, ta sauka tana da shekara 93 a duniya. Mississauga gari ne da ke maƙale da Toronto ta yamma, wanda a farkonsa yawancin mazaunansa kwana kawai suke yi a cikinsa, gari na wayewa su nufi babban birni wajen aiki.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, masu yabonta da masu sukarta abu ɗaya suke nunawa da yatsa. Masu yabo suna cewa ta tafiyar da gari kamar yadda ake tafiyar da kamfani, shi ya sa ya shekara fiye da 30 ba a bin sa bashi. Masu suka kuwa suna cewa kusancinta da masu gina gidaje ne ya kai ta gaban alƙali fiye da sau ɗaya. Ina roƙon wanda ya san garin, ko ya san aikin ƙaramar hukuma daga ciki, ya warware mini: shin mutum zai iya haɗa shugabancin gari da hulɗa da 'yan kasuwa da hidimar jama'a ba tare da ɗaya ya cinye sauran ba, ko kuwa labarin wannan mata yana nuna akasin haka ne?

Maman Ummi ta rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. A garin nake zaune da iyalina tun tana kan mulki, saboda haka bari in fara da inda ta fito, domin ba za ka fahimci salonta ba sai ka san abin da ta yi kafin siyasa.

An haife ta a 1921 a wani ƙauyen masunta da ake kira Port Daniel a lardin Quebec, kuma ba ta yi jami'a ba. Makarantar koyon aikin sakatariya ta shiga. Daga nan ta kama aiki da Canadian Kellogg, kamfanin injiniyoyi masu gina manyan masana'antu (ba mai yin abincin karin kumallo ba, mutane suna yawan rikita su), wanda ya tura ta Toronto a 1942. Ta yi shekaru da dama tana wannan aiki, tana ganin yadda ake ƙulla kwangila da yadda ake bin diddigin kowane kwabo. Bayan ta auri Sam McCallion a 1951 suka zauna a Streetsville, ƙaramin gari a lokacin, inda suka kafa jaridar gari mai suna Streetsville Booster, ita kuma ta shugabanci ƙungiyar 'yan kasuwar wurin. Tun tana budurwa ta riga ta shugabanci ƙungiyar matasan cocin Anglika ta ƙasa baki ɗaya. Ka ga ke nan hidimar jama'a da kasuwanci sun riga siyasa zuwa wurinta, kuma su ne suka yi mata tsani har ta zama magajiyar garin Streetsville a 1970. Abin dariya shi ne, ta yi adawa sosai da haɗe Streetsville cikin sabon birnin Mississauga a 1974, sai ga shi bayan shekara huɗu ita ce ke mulkin birnin.

Abin da ya kafa ta a zukatan mutane ya faru ne shekara ɗaya da hawanta. A daren 10 ga Nuwamba 1979 wani jirgin ƙasa na dakon kaya ya goce daga layinsa a mahaɗar titin Mavis, tankokin gas suka kama da wuta, ga kuma tanki guda cike da iskar kulorin mai guba. An kwashe mutum fiye da 200,000 daga gidajensu, aka rufe garin kusan mako guda, kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ita kanta ta gurɗe a ƙafa a cikin kwanakin, amma tana ɗingishi take zuwa tana yi wa manema labarai bayani. Tsofaffin maƙwabtana har yau da wannan suke fara labarinta.

Sau ɗaya na gan ta ido da ido, a wani bikin unguwa da aka yi a filin shaƙatawa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai farin gashi, ta kusa 90 a lokacin, ba jami'an tsaro, ba jerin gwanon motoci, tana bin rumfuna ɗaya bayan ɗaya tana gaisawa da masu sayar da abinci. Irin wannan yawon shi ne yaƙin neman zaɓenta, domin a zaɓukanta na baya-baya ta daina liƙa hotuna, ta daina karɓar gudummawar kuɗi, tana cewa masu son ba ta su kai wa ƙungiyoyin agaji. Duk da haka tana lashe zaɓe da gagarumin rinjaye.

Sai dai zuma da zaƙi da harbi. Daga gidana, in ina son burodi sai na tayar da mota, domin unguwar gidaje ce zalla a shimfiɗe, ba shago ko ɗaya a kusa, kuma ranar da ƙanƙara ta zuba ba mai iya taka wannan nisa da ƙafa. Haka aka gina mafi yawan garin, a kan gonakin da aka yanka aka mai da su rukunin gidaje, har 'yan jarida suka laƙaba mata sarauniyar bazuwar gari. Ita ma daga baya ta amsa da bakinta cewa kuskure ne da ba a tsara garin da tunanin motocin haya da jiragen cikin gari tun farko ba.

Tsohon Ma'aji ya rubuta:

Hajiya ta kawo tarihi yadda ya kamata, Allah ya saka da alheri. Ni na yi ritaya ne daga sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma, saboda haka idona yana kan maganar rashin bashin nan da ake ta yabo, kuma ina ganin ɗalibinmu ya kamata ya tona ta sosai.

Ba wani siddabaru ba ne. Lokacin da ta hau, mazauna garin ba su kai 300,000 ba, kuma akwai filayen noma masu yawa a gefen birni mafi girma a ƙasar, ga babban filin jirgin saman Pearson a cikin iyakar garin, ga manyan hanyoyin mota sun ratsa shi. Duk mai son gina rukunin gidaje ko masana'anta sai ya biya hukumar gari wani kuɗi na musamman kafin a ba shi izini, kuma da wannan kuɗin ake shimfiɗa tituna da magudanan ruwa, a gina ɗakunan karatu da cibiyoyin wasanni. Manufarta ita ce sabon gini ya ɗauki nauyin kansa, kuma kada a fara aiki sai kuɗinsa yana hannu. A nan ne sanin kasuwancinta ya yi amfani, domin ta san abin da magina za su iya biya ba tare da sun gudu ba, kuma ta iya zawarcin manyan kamfanoni su kafa hedikwatarsu a garin, wanda hakan ya faɗaɗa harajin kadarori ba tare da an matsa wa mai gida ɗaya ba. Lokacin da ta sauka, jama'ar garin sun haura 700,000.

Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kuɗin magina sau ɗaya yake shigowa, titin da aka shimfiɗa da shi kuwa gyara yake nema har abada. Da filayen suka ƙare, tituna da gadoji na farko suka tsufa a lokaci guda, dole garin ya koma cin bashi a shekarunta na ƙarshe. Saboda haka ni a ganina rabin yabon nata ne, domin wani da ya sami irin wannan dama da ya yi facaka da ita, rabi kuma na wurin da Allah ya ajiye garin ne da lokacin da ta zo.

Akwai kuma abin da mu da muka saba da shugaban ƙaramar hukuma mai riƙe da komai ba mu cika lura da shi ba. A zamaninta magajin gari a Ontario ƙuri'a ɗaya yake da ita a majalisa kamar kowane kansila, ba jam'iyyu a zaɓen, kuma ma'aikata suna ƙarƙashin manajan gari ne. 'Yan sanda da ruwan sha ma ba a hannunta suke ba, suna hannun hukumar yankin Peel da ta haɗa garin da maƙwabtansa, wadda ta daɗe tana fafutukar raba garinta da ita. Ƙarfinta duk na iya shawo kan mutane ne da kwarjinin da ƙuri'un jama'a suka ba ta.

Lauya Mai Nazari ya rubuta:

Ranka ya daɗe, Baba Ma'aji, ina tare da kai a lissafi, amma tambayar Malam Ɗan Fagge tana da ɓangaren shari'a, kuma a nan ne nake ganin ana yi wa matar sassauci fiye da kima.

A 1982 kotu ta same ta da saɓa dokar da ta hana mai riƙe da muƙami sa baki a lamarin da yake da amfani a cikinsa, saboda ta shiga tattaunawar majalisa kan buɗe wasu filaye domin gini alhali ita da mijinta suna da fili a yankin. Alƙali ya ɗauki abin a matsayin kuskuren da ba da mugun nufi aka yi shi ba, bai tsige ta ba. Bayan kusan shekara 30 aka sake komawa gidan jiya. Ɗanta Peter yana da hannu a wani kamfani mai suna World Class Developments, wanda yake neman sayen fili a tsakiyar gari, kusa da babbar kasuwar Square One, domin gina otal da zauren taro, kuma ita ta riƙa shiga tsakani tana matsa wa masu filin su daidaita da kamfanin. Hujjarta ita ce ta daɗe tana burin garin ya sami babban otal, kuma ba don ɗanta take yi ba. Mai shari'a Douglas Cunningham, wanda ya jagoranci binciken da aka kafa kan lamarin, ya fitar da rahoto a 2011 yana cewa lallai buƙatar gidanta ta ci karo da amanar ofishinta, sai dai dokar lardin kamar yadda take a rubuce a lokacin abin da ake yi a zauren majalisa kawai ta kama, ita kuwa a waje ta yi nata. Wata ƙarar da aka kai ta kuma kotu ta kore ta a 2013.

Abin lura ga ɗalibi shi ne, ba ita ce mai kamfanin ba, kuma ta bar aikin kamfani tun 1967. Tsarin mulkinmu na Najeriya na 1999, a Jadawali na Biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci tafiyar da kasuwancin kansa in ban da noma, amma irin wannan hani bai taɓa abin da ya faru a Mississauga ba, domin matsalar tana cikin wayar da shugaba zai ɗaga ya kira wani, da ganawar da za a yi a kan teburin cin abinci. Basirar da ta jawo kamfanoni garin ita ce dai ta yi amfani da ita a cinikin da ɗanta yake ciki, kuma ban ga alamar ita kanta ta ga bambancin ba. Jama'a ma ba su hukunta ta ba, domin ana tsakiyar binciken aka yi zaɓen 2010, ta kuma ci da kusan kashi 76 cikin 100.

Maman Ummi ta sake rubutawa:

Gaskiya ne, Barista, kuma ina cikin waɗanda suka ji maganar a lokacin suka ɗaga kafaɗa, domin shara ana kwashewa, haraji bai yi tsanani ba, kuma kowa ya san ta. Amma in ƙara wa Baba Ma'aji hujja daga cikin gidana. Bayan ambaliyar watan Yuli 2013, wadda ta cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na gidaje da yawa da ruwa, hukumar gari ta ƙirƙiro sabon caji na magudanan ruwan sama daga 2016, ana lissafa shi da girman rufin gidanka, yana zuwa a cikin takardar kuɗin ruwa. Lokacin ta riga ta miƙa wa Bonnie Crombie kujera, saboda haka wata ce ta sha ƙorafin.

Ita kuwa ba ta zauna a gida ba. Ta zama uwar kwalejin Sheridan, ta shiga hukumar da ke kula da filin jirgin Pearson, ta ci gaba da halartar tarukan tara kuɗin agaji har ta rasu a 29 ga Janairu 2023 tana da shekara 101. Layin jirgin cikin gari da aka fara aikin shimfiɗa shi a titin Hurontario, irin aikin da ta ce ta yi nadamar rashin farawa da wuri, sunanta aka sa masa. Ƙanena, in za ka rubuta babin, ka nemi rahoton Cunningham ka karanta shi da kanka, domin shawarwarin da ya bayar kan gyaran dokar sun fi labarin otal ɗin amfani ga aikinka.