Ginin yaƙi a kan tsauni: ganuwa ce, ribaɗi ne, ko kagara?

1/ Jama'a, ina so mu tsayar da magana kan kalma guda, wato abin da Turawan Ingila ke kira fortress, Jamusawa kuma Festung. A rubuce-rubucenmu wani ya ce fada, wani ya ce ganuwa, wani kuwa ya bar ta da Turancinta ya wuce. Ni kagara na zaɓa, ga kuma dalilina.

2/ Gardamar ta taso ne a hutun da muka yi da abokai a jirgin ruwa kan kogin Rhine na Jamus, tsakanin Bingen da Koblenz, tafiyar kilomita 65 da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2002. Duk inda kogin ya lanƙwasa sai ka hango tsohon gini a bisa dutse. A Koblenz, daidai inda kogin Moselle ke zuba cikin Rhine, muka shiga akwatin nan mai tafiya a rataye jikin igiyar ƙarfe, ya ƙetare da mu ruwa zuwa Ehrenbreitstein, wani ginin yaƙi a kan tsauni, mita 118 sama da kogin.

3/ Bakanon cikinmu ko numfashi bai gama mayarwa ba ya ce ai wannan ganuwa ce. Bazazzage ya ce, "Malam, ku Kanawa ko akurki kuka gani da katanga sai ku ce ganuwa." An yi dariya, amma yana da gaskiya. Ganuwa gari take zagayewa, da kasuwarsa da rijiyoyinsa, har da gonaki a ciki saboda ranar ƙawanya. A nan kuwa garin na can ƙasa, yawancinsa ma a ƙetaren ruwa, ginin na tsaye shi kaɗai ya saita bakin igwa kan mahaɗar koguna.

4/ Abokinmu Basakkwace ya kawo ribaɗi, kuma wannan ta fi ba ni wahalar turewa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗai don tsaron iyaka, a ɗayansu ma, Wurno, ya rasu a 1837. Daular Prussia ta Jamusawa kuwa tsakanin 1817 da 1828 ta gina Ehrenbreitstein ɗin da ke tsaye yau, don tare Faransa. Zamani ɗaya, manufa kusan ɗaya. Sai dai ribaɗi kalma ce mai nauyin addini, zaman cikinsa ibada ake ɗaukarsa. Kuma ribaɗi gari yake zama, da iyali da makaranta da noma. In ka ce wa mai karatu "ribaɗin Jamusawa", ka ɗora masa hoton da babu shi a wurin.

5/ Sansani ana tayar da shi a ƙara gaba, wannan kuwa ginin dutse ne. Fada kuma sai da sarki, nan sojoji aka zaunar.

6/ Saura kagara. Tsohuwar kalmar yaƙi ce, wurin da aka kange aka ƙarfafa don mayaƙa su tsaya a ciki su kare kansu su hana abokin gaba wucewa. Ba ta buƙatar gari, ba ta buƙatar sarki, ba ruwanta da addinin mai ginin. Ku gwada ta da tarihin Ehrenbreitstein ku ji: sojojin Faransa sun yi wa tsohuwar kagarar da ke wurin kafin ta yanzu ƙawanya har yunwa ta sa masu tsaronta suka sallama a 1799, sannan a 1801 suka tarwatsa ta da albarushi kafin su janye. Jimlar ta zauna, ba inda harshe ya yi tuntuɓe.

7/ Basakkwacen ya ce yaran yanzu in sun ji kagara, garin Kagara na Jihar Neja kawai za su tuna. Haka ne. Maganinsa a ambaton farko a rubuta "kagarar tsauni" ko "kagarar yaƙi", daga nan a ci gaba da kagara zalla.

8/ Inda ban yarda a yi kuɗin goro ba shi ne abin da Jamusawa ke kira Burg. Marksburg da ke saman garin Braubach, wadda ba a taɓa rushe ta ba, gidan masu sarauta ce tun asali, da ɗakin kwana da madafa, aka kuma kange ta. Wannan "fada mai kagara" ta fi dacewa da ita. Pfalzgrafenstein kuwa, da ke tsakiyar ruwa a Kaub, don karɓar kuɗin fito daga jiragen fatake aka gina ta, sai mu ce "kagarar fito".

9/ 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuka yi boko da Faransanci, me kuke cewa in kun zo kan forteresse? In akwai wadda ta riga ta zauna a bakin mutane a can, a kawo ta mu auna ta da kagara.