Abaya 30 kyauta ko tallar kuɗi a Instagram? Ina neman shawara kafin azumi

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hoton kayan sawa nake ɗauka a Kano, ba ni da sutudiyo, shagon mai kaya nake zuwa. Kwastomomina na dindindin teloli uku ne, aikin bai isa ba. Saura mako shida azumi. Wata mai shagon abaya da mabiyanta suka haura dubu 80 ta ce in ɗaukar mata kala 30 kyauta, ita kuma za ta riƙa sa sunana a ƙarƙashin kowane hoto. Ina da naira dubu 150 a ajiye. In karɓi tayinta in sa kuɗin a fitila, ko in ƙyale ta in zuba su a tallar Instagram? Kyamara dai ba zan canza yanzu ba.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Ka fara canza kyamara. Manyan masu ɗinki abin da ke rataye a wuyanka suke fara kallo.

Mai Lema: Malam Bazazzagi, ya ce ba zai canza ba, kuma ba a nan matsalar take ba. Ɗan Fagge, fitila ka saya. Baƙar abaya tana cikin abin da ya fi wahalar ɗauka. In ka bar kyamara ta auna haske da kanta, za ta mai da baƙin ya koma ruwan toka, duwatsun jiki kuma su ƙone su zama farin ɗigo. Filasha ɗaya a cikin lema ta isa. Ka ajiye ta a gefe, ta ɗan fi kan mai sanye da kayan tsawo, ka jingina babban farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da haske. Hasken gefe ne ke fito da aikin zare da lanƙwasar yadi, na gaba shafe su yake yi. A saitin kyamara ka fara da f/8 (faɗin ƙofar haske), ISO 100 (ƙarfin jin haske), 1/160 (saurin ɗauka), sannan ka daidaita ƙarfin filashar. Ka kashe ƙwayayen shagon duka, domin in haskensu ya gauraya da naka, baƙi zai yi kore a wani gefen, ya yi ja a wani, kuma gyaran kwamfuta ba ya raba su. Hoton farko ka ɗauki kati mai ruwan toka a jikin kayan, da shi za ka saita kalar sauran. Shadda kuma akasin haka take: sheƙinta madubi ne, sai ka matsar da lemar gefe sosai har walƙiyar ta bar ƙirji. A goge kaya, a kakkaɓe ƙura kafin a ɗauka, musamman da hazo.

Anti Mai Ɗinki: Ƙanena, bari in faɗa maka abin da ke sa mu sake kiran mai hoto, tunda mu ne masu biya. Kowace kala hoto huɗu muke so: gaba, baya, aikin wuya da hannu daga kusa, sai ɗan bidiyo a tsaye na daƙiƙa goma da za a ga yadda yadin yake zuba. A kawo cikin kwana biyu. A turo ta WhatsApp a matsayin fayil, don in aka turo kai tsaye matse hoton yake yi, aikin surfani ya dagule. Na Instagram a yanka shi a ma'aunin faɗi 1080, tsawo 1350. Kuma ka daina jiran saƙo. Ka taka zuwa shaguna, ka bi teloli da masu yadi a Kantin Kwari da safe kafin kasuwa ta cika, ka roƙi kala ɗaya ka ɗauka a nan take, ka nuna ta kusa da wadda suka ɗauka da waya. Kala ɗaya ita ce kyauta, 30 aiki ne. Ka yi shi yanzu, domin azumi na yin nisa tela ya rufe karɓar ɗinki, ba ya neman talla kuma. In mace ce za ta sa kayan, ka tambaya tun farko ko ta yarda fuskarta ta fito, kuma ka zo da 'yar'uwarka ta riƙa gyara mayafi, kai kada ka taɓa. In mutum-mutumi ne, mara kai, tun maganar da Hisba ta yi a 2021. Kuɗi kuwa, dubu uku kala ɗaya ake biya.

Mai Lema: Anti, dubu uku ba ta biya kuɗin Adaidaita da cajin batir da zaman gyara ba. Ƙasa da dubu takwas asara ce.

Ɗan Wuse: A Abuja dubu 25 ne kala ɗaya, ban da kuɗin mai kwalliya da mai sa kayan.

Na Maraɗi: Mu nan ba a lissafi da kala, wuni ake saye, jika 25 na sefa, ko kaya nawa ne.

Baba Mai Yashica: Ku bar maganar farashi, yaron nan ramin da zai faɗa nake hango masa. Akwai wani yaro da ya koyi aiki a layinmu, hannunsa yana da kyau ƙwarai. Irin wannan tayin aka yi masa, kala 40, sunansa a ƙasa. Ya ari fitila, ya yi wuni biyu a tsaye, ya yi dare huɗu yana gyara. Hoto biyar na farko an sa sunansa. Daga na shida aka yanke gefen da tambarinsa yake. Kafin sallah hotunan sun shiga hannun masu sari a garuruwa uku, kowa yana tallar kayansa da su. Da ya yi magana aka ce ai taimakonsa aka yi. Abin da ya fi ciwo, duk wadda ta kira shi ta hanyar shagon, farkon maganarta ita ce an ce mata kyauta yake yi. Filashar aron ta faɗi a wurin aikin, shi ya biya. Yau yaron nan ya sayar da kyamararsa. Duk wanda ya ce maka suna zai biya ka, ka tambaye shi ko da suna ya sayo yadin.

Anti Mai Ɗinki: Allah sarki. Amma Baba, ba duka muka taru muka zama ɗaya ba.

Baba Mai Yashica: Ban ce duka ba, 'yata. Amma waye ya bi wa yaron haƙƙinsa? Masu sarin har yau suna amfani da hotunan.

Mai Lema: Wannan rashin rubutu ne ya jawo. Ko a WhatsApp ne a rubuta: kala nawa, hoto nawa, ranar bayarwa, gyara sau nawa, kuma shafinta kaɗai ne ko har masu sari. Rabin kuɗi kafin alƙalami. Ƙananan hotuna masu tambari a tsakiya ake turawa a zaɓa, manyan sai ciko ya shigo. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, hoto na wanda ya ɗauka ne sai in an yi yarjejeniyar da ta ce ba haka ba, kuma Instagram yana da fom na kai ƙarar satar hoto. Ka adana asalin fayil ɗin kyamara, shi ne shaidarka.

Ɗan Zamani: Da girmamawa Baba, zamanin wankin fim daban, yanzu daban. Mabiya dubu 80 ba wasa ba ne. Ɗan Fagge, ka karɓa, amma kala biyar, kuma kada ka yarda da suna a ƙasa. Ta saka ku a matsayin haɗin gwiwa, hoton ya fito a shafinta da naka lokaci ɗaya, wannan ba a yanke shi da almakashi. Tallar kuɗi kuma masu sayen abaya za ta kawo maka suna tambayar nawa ne, ba masu shago ba.

Baba Mai Yashica: Yaro, fim ya wuce, halin mutane bai wuce ba. Shekara nawa ka yi kana karɓar ciko?

Anti Mai Ɗinki: Ku duka masu ɗauka ne. Shawarar wanda ke fitar da kuɗi daga jaka ya kamata ya saurara.

Bazazzagi: Ni mamakina ma Bakano da aka ce ya yi abu kyauta har yake tsayawa shawara. Lallai duniya ta zo ƙarshe.

Ɗan Fagge: Kai da aka ce ban da kyamara ka fara da kyamara, ina ilimin da ake cewa yana Zariya?

Hajiyar Leshi: Tunda masu hoto sun taru, ni ma ina da ƙorafi. Don Allah ku daina haska fatar masu sa kaya. Kuna jan hasken hoton gaba ɗaya don yarinya ta yi fari, sai leshi ruwan ƙasa ya koma ruwan zuma, shuɗi mai duhu ya koma sararin samaniya. Kwastoma ta biya daga Sakkwato, a sa a mota, ta buɗe ta ga wani abu daban. Kuɗin mota zuwa da dawowa a kan mai kaya yake, ga zagi a sitatus.

Mai Lema: Gaskiyarki Hajiya. Fata daban ake zaɓa a gyara, yadi ba a taɓa shi, kuma a ajiye ƙyallen yadin kusa da kwamfuta ana dubawa. Sai dai wayar mai saye ma tana ƙara kala, musamman in an ƙure hasken fuskarta.

Ɗan Zamani: Hajiya, ai masu kayan ne ke dawo da hoto su ce yarinyar ta yi duhu a ƙara mata haske.

Hajiyar Leshi: To a ƙara wa yarinyar, waye ya ce a ƙara wa leshina?

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai. To yanzu kala biyar ɗin zan ce mata, ko ɗaya? Gobe take jiran amsa.

Na Maraɗi: Hajiya, na shadda ya fi muni. Fara mai ratsin shuɗi da fara ƙal duk ɗaya suke fitowa a hoto, mu da muke sarowa daga Kwari sai an kwance dila a nan muke gane wadda aka ɗoro mana.