Garkuwar jiki da zazzaɓin cizon sauro: shawarwarin da aka tattara

Tambayar da ta tayar da zancen ita ce: me ya sa babba kan sha cizon sauro ya tashi garau, yaro kuwa ya kwanta ranga-ranga? Ma'aikatan lafiya suka ce jiki kan ƙera sinadaran garkuwa ne sannu a hankali, bayan kamuwa sau da dama, domin ƙwayar cutar gwanar sauya kama ce. A Gambiya, a 1961, an tace waɗannan sinadarai daga jinin manya aka ba yara masu zazzaɓi, ƙwayoyin cutar suka ragu ƙwarai.

An fi daɗewa ana magana kan mai cikin fari. Ƙwayar kan maƙale a mabiyiya, jikin mai cikin kuwa bai taɓa haɗuwa da irin wannan ƙwayar mai maƙalewa ba. Kada ta yi wasa da zuwa awo da shan maganin kariya.

Garkuwar da jariri ya samo daga uwa watanni kaɗan take yi, don haka gidan sauro dole ne. Wanda ya daɗe a Turai ma, tasa ta yi sanyi. Ya nemi maganin kariya kafin ya taho gida.

Allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta yara, wato R21, da aka fara a Kebbi a Disambar 2024 sau huɗu ake yin ta. Ƙarfinta kan ragu, shi ya sa ta huɗun ba ta tsallakuwa.